Fallen da Malam ya zare daga gafaka

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana. Sunayen da zan ambata duk na canza su, ko da yake na san duk ɗan unguwarmu da ya karanta layi biyar zai gane ni, shi ya jiyo. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, don na san za ku zaga, kuma ban ce ban cancanta ba.

Ni ɗan cikin gari ne, can wajen Dala, shekarata talatin da huɗu, ina karatun digiri na uku a fannin tarihi. Gidanmu gidan malamai ake ce masa. Tun muna yara abin da aka cusa mana ke nan, mu jikokin Malam Babba ne, malamin da aka ce har daga garuruwa ake zuwa ɗaukar karatu a soronsa, ba a haɗa mu da kowa a layin nan. Na taso da wannan a kaina, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina da jin kai, ko gaisuwa sai na zaɓi wanda zan yi wa. Littattafan Malam Babba na rubutun hannu suna nan a wani ɗaki a soro na biyu, falle-falle ne ba a ɗinke ba, kowane littafi cikin gafakarsa ta fata. Tunda mahaifinmu ya rasu makullin yana hannun ƙanensa, Baffa, shi bai karanta ba, bai bar wani ya karanta ba, gara ce kaɗai take karatu a ɗakin nan.

Abin da ya fara tunzura ni shi ne, lokacin da nake digiri na biyu na nemi wata maƙala da wani Bature ya rubuta a kan malaman Kano, har da sunan Malam Babba a ciki, na danna sai aka ce sai na biya da dala kafin a buɗe min. Labarin kakana, a garinmu, ni ne zan saya. Ranar na yi ta masifa ni kaɗai. Da na fara digiri na uku sai Allah ya haɗa ni da sufabaiza, wata Farfesa, mace mai tsauri, wadda ba ta da magana sai ta buɗe ilimi. A wajenta duk binciken da aka yi aka kulle a kabad ko aka sa masa kuɗi, an ci amanar jama'a. Ita ta ce in yi sikanin littattafan gidanmu duka in ɗora a wata taska ta intanet, da lasisin da ya ba kowa damar saukewa, ya kwafa, ya fassara, ya yi aiki da shi ba tare da neman izinina ba. Na amince da wannan har zuciyata, kuma har yau ban ce ƙarya ba ne. Sai da na yi wata biyu ina lallaɓa Baffa kafin ya ba da makulli.

Matsalar ita ce ban iya karanta irin wannan rubutun sosai ba, tsohon hannu ne, wani wajen tawada ta dushe, wani wajen ajami ne a cakuɗe da Larabci. Mutum ɗaya ne a unguwar ya iya, zan kira shi Malam Habu. Gidansu yana bayan namu, katanga ɗaya, ana ce masa gidan Nasamu, ni dai tun ina yaro na ɗauka laƙabi ne kawai. Dattijo ne ya haura sittin da biyar, shi ya koya min baƙi da wasali ina ƙarami, shi ake turawa gaba a masallaci in liman ba ya nan. Kullum in ya gan ni sai ya ce jikan Malam, an tashi lafiya, ba ya kiran sunana. Na roƙe shi ya taimaka, bai ce in ba shi komai ba, kullum bayan la'asar zai zo da tabaronsa mai ɗaurin zare mu zauna a tabarma, shi yana karantawa yana fassara, ni ina ɗaukar hoto ina rubuta bayani a laftof. Wata tara muna haka.

A cikin wata taran nan ne na nemi 'yarsa, zan kira ta Sa'adatu, malamar jinya ce a wani asibiti. Na tura Baffa, ina ganin ai magana ta ƙare, wa zai ƙi gidanmu. Bayan kwana huɗu Malam ya kira ni shi da kansa, ya ce ya tambaye ta ta ce akwai wanda suka daidaita, shi kuma ba ya yi wa 'ya'yansa dole. Da ya tsaya a nan da sauƙi, sai ya ƙara da cewa, «Kuma in ka ƙara neman wata, ka rage ɗaga kai, jikan Malam, mata suna lura da wannan.» Na ce na gode, na fito kaina yana hayaƙi. Washegari kuwa bayan la'asar sai ga shi da tabaronsa kamar ba a yi komai ba, ya ce ina muka tsaya jiya. Wallahi wannan zuwan ya fi ƙin ba ni 'yar ƙona min rai.

Wanda bai san littattafan mutanen da ba bari in yi masa bayani. Takarda tana da tsada a lokacinsu, don haka in wani abu ya faru a gida, haihuwa, rasuwa, wanda ya tafi hajji, shekarar da aka yi yunwa, a gefen shafin littafin karatu suke rubutawa, da ƙananan baƙaƙe. Wata rana muna cikin wani littafin fiƙihu Malam yana karanta gefe da ƙarfi kamar yadda ya saba, sai ya karanto inda Malam Babba ya rubuta cewa ya 'yanta bawansa Nasamu don neman yardar Allah, ya ba shi filin da ke bayan gida ya gina. Ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce, «Wannan kakana ne. Mu manya mun sani, yara ba su sani ba. Ni ba na jin kunyarsa, bawan Allah ne kamar kowa, amma ka san mutanenmu. Ka ɗauki hoton karatun, ka rufe gefen, ina da 'ya'ya mata.» Na ce to Malam, ba komai.

Ban rufe ba. Kuma kada wani ya ce mantuwa ce. Farfesa ta sha faɗa mana duk abin da ya taɓa mutanen da ke raye sai an nemi yardarsu, akwai fom da ake cikewa kafin a ɗora, akwai gurbin da aka tambaya ko iyalan da abin ya shafa sun amince, na sa alamar e da hannuna. Ban tsaya nan ba, a wajen bayanin shafin na rubuta cewa zuriyar wannan bawa suna nan a gidan har yau, gidan yana amsa sunansa, kuma a cikinsu akwai wani sanannen malami a unguwar. Ina rubutawa ina faɗa wa kaina ai tarihi ne, ba ni da ikon ɓoye wa masu bincike gaskiya, in kowa ya rufe abin da ba ya so me ya rage. Maganar tana da daɗin faɗa a taro. Amma ni na san fuskar wa nake gani lokacin da nake dannawa.

Aka yi sati uku ba wanda ya kula, don su wa ke shiga irin wannan taskar, 'yan bincike ne kawai, wani daga Masar ma ya turo min godiya a kan wani littafin nahawu. Ni kuma abin yana ci na. To ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai yau, ni na ɗauki linkin shafin, da wata lamba da ba a san ni da ita ba, na tura wa wani shafin labaran tarihin Kano a soshiyal midiya, na ce ga abin mamaki. Kwana biyu suka fassara shi da Hausa, suka zagaye gefen da jan layi, suka sa hoton ƙofar gidan. Daga nan ya shiga guruf ɗin unguwa, ya shiga na tsofaffin ɗalibai, ya shiga na mata masu adashi, har wata gwaggona da ba ta iya karatun boko ba ta sa aka karanta mata sau biyu.

Ku da kuke cikin gari kun san yadda muke. A kwamen kowa malami ne, ana ta jawo aya da hadisi cewa babu fifiko sai da tsoron Allah, amma a lungu wani abu ne daban. Samari a majalisa suka fara kiran 'ya'yan Malam Habu maza bayin gidan Malam Babba, wai wasa. A gidan wani biki wata ta ce wa matarsa ta tashi ta raba abinci ai aikin gado ne, aka yi dariya. A masallaci ranar da liman ya yi tafiya, aka yi iƙama, sai wani ɗan kasuwa ya tura ƙanensa gaba, Malam yana tsaye a sahun farko, ya bi sallah. Ina sahu na biyu, ina kallon ƙeyarsa, kuma in faɗa muku gaskiya daɗi na ji.

Sa'adatu kuwa an riga an kawo lefenta, an sa rana. Dangin mijin irin mutanen nan ne da ke binciken asali har kaka na bakwai, a da sai sun bi tsofaffi suna tambaya a ɓoye, yanzu ni na ajiye musu a waya. Suka turo wani kawunsa da mata biyu, wai sun sake istihara ba su ga alheri ba. Lungunmu adaidaita ba ta shiga, don haka da rana tsaka aka fito da akwatunan a ka, aka bi ta ƙofar gidanmu da su har bakin titi, mata suna leƙe ta katanga. Ina zaune a soro da laftof a cinya na ga wucewarsu. A raina na ce to ga wanda kuka daidaita ɗin. Angon ko waya bai yi mata ba, haka na ji.

A satin ne kuma aka gayyace ni in yi magana ta intanet a wani taron masu rajin buɗe bincike, na sa babbar riga na zauna gaban kyamara na ce ilimi na kowa ne, babu wanda ya isa ya kulle shi, aka yi ta tafi. Wani ya yanko wajen ya watsa, har unguwa ya zagaya. Amma labarin lefen ya kai kunnen Farfesa ta wajen wata ɗalibarta. Ta kira ni ofis, ba ta ce in zauna ba, ta juyo min da fom ɗin ta nuna inda na sa alama, ta tambaye ni wa ya amince. Na fara kawo mata maganar gaskiyar tarihi, ta ce in rufe mata baki, ita shekara da shekaru tana roƙon gidaje su buɗe littattafansu, yanzu saboda ni gida uku sun kira sun ce sun fasa, ɗaya ma ya ce gara gara ta cinye. Ta sa aka ɓoye shafin a taskar a ranar. Amma me za a ɓoye, lasisin da na sa ya ba kowa dama, an sauke, an kwafa, yana wayar kowa, ko tsohuwar da ke sayar da ƙuli a bakin lungu an nuna mata.

Duk wannan ban ji wata nadama ta kirki ba, tsoron kada a kore ni daga karatu kawai nake. Sai ranar Juma'ar da ta wuce da hantsi Baffa ya aiko in same shi a ɗakinsa. Ya rufe ƙofa, ya ɗaga katifa ya ciro wata ambulan, ya jefo min a ƙirji, ya ce karanta tunda kai ne mai karatu. Falle ɗaya ne, hannun Malam Babba, yanzu na iya gane shi ko daga nesa, kuma babu karatu a jikinsa, labari ne kawai da ajami. Ya rubuta cewa yara bayi biyu ya samu rana ɗaya, wa da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, Nasamu da Barka. Ya ce Allah bai bar masa ɗa namiji ba, Barka kuma yana da kai, don haka ya 'yanta shi, ya canza masa suna zuwa Sa'idu, ya koyar da shi, ya ba shi littattafansa da soronsa, a riƙe shi kamar ɗa. Malam Sa'idu shi ne kakan mahaifina. Shi ne wanda sunansa yake jikin kalandar da muke bugawa duk shekara, a ƙarƙashin na Malam Babba, da kibiya an rubuta ɗansa.

Na karanta sau uku ina neman inda na yi kuskure, babu. Na tambayi Baffa ina ya samo. Ya ce, «Habu ne ya kawo min, tun watan farko da kuka fara aikin nan. Ya gan shi a ƙasan wata gafaka kana waje kana amsa waya, ya zare ya sa a aljihu. Ya ce in adana, yaron nan yana da zafin kai, in ya gani zai rushe, a bari sai ya girma.» Watan farko. Kafin in nemi 'yarsa, kafin mu kai shafinsa, kafin komai. Wato duk lokacin da nake zaune a tabarma ina jin ni ne jikan mai gida shi kuma ɗan bayan gida, takardata ta riga ta bi ta aljihunsa.

Ban iya cin abinci ba, bayan an sauko daga masallaci na zagaya gidansa, rabona da ƙofar tun kafin abin ya faru. Na same shi a soro shi kaɗai, ɗaliban da ke zuwa da yawa sun daina. Ya rame. Ya ɗago ya ce jikan Malam, bismillah. Na kasa zama, na ce Malam na ga fallen. Ya ce to. Na ce me ya sa ka zare nawa ba ka zare naka ba, ai kai kake riƙe da takardun. Ya ce, «Nawa akwai karatu a jikinsa, babin alwala ne, in na zare littafin ya yi giɓi, wanda zai karanta bayanmu ya rasa. Naka ba wanda zai rasa komai. Shi ya sa na roƙe ka, na ɗauka roƙo ya isa.» Na ce to da abin ya faru me ya hana ka faɗa wa mutane, kalma ɗaya za ka yi. Ya kalle ni ya ce, «Kai ma kana da ƙanne mata.»

Ina tsaye a wajen sai ga Sa'adatu ta dawo daga aiki da kayan asibiti a ƙarƙashin hijabi, ashe ta ji mu daga ƙofa. Ita ba irin mahaifinta ba ce. Ba ta kalle ni ba, tana cire takalmi ta ce, «Na ga bidiyonka, ka ce ilimi na kowa ne, babu wanda ya isa ya kulle. To ga ilimi nan a hannunka, ɗan'uwa. Ka ɗora mana.» Malam ya ce ke, shiga gida. Ta shige. Yadda ta ce ɗan'uwan nan har yanzu yana min yawo a kunne.

To ga inda nake. Ƙanwata, wadda nake ji da ita a zuciya fiye da kowa, an sa ranarta bayan Babbar Sallah, kuma dangin mijin da bakinsu suka ce gidan malamai suka biyo, jinin Malam Babba suke so a zuriyarsu. Akwai wata ƙanwar a bayanta. Mahaifiyarmu tana da hawan jini, ba ta san zancen fallen ba, jiya ma tana ce min Allah sarki Sa'adatu, amma asali ai ba a wasa da shi. Baffa ya ce in ƙona fallen, in kuma na kuskura ya fita ba shi ba ni har lahira. Na ce masa na ƙona. Ban ƙona ba, na riga na yi sikanin ɗinsa, yana laftof ɗina a jaka ɗaya da sauran, bayaninsa ma na rubuta, dannawa ɗaya ya rage.

Na san in na ɗora lefen Sa'adatu ba zai dawo ba, mai yiwuwa akwatunan ƙanwata ne za su bi lungun nan a ka, ita da ba ta ci ba ba ta sha ba, in zama na rushe gida biyu maimakon ɗaya. Wani lokacin kuma in ce wataƙila in mutane suka ga gidan da suke durƙusa wa da gidan da suke yi wa dariya tsatso ɗaya ne, bakinsu zai mutu, Malam ya koma gaban sahu. Amma na san unguwarmu, sun fi son a ƙara musu wanda za su yi wa dariya. In kuma na yi shiru, to na tabbata duk abin da na faɗa a kan buɗe ilimi ƙarya ne, na buɗe na wani na kulle nawa, kuma zan gama digirin nan da littafin da na san akwai falle ɗaya da na ɓoye. Farfesa ba ta sani ba, in na faɗa mata ban san me za ta ce ba, wannan karon iyalan da za a nemi yardarsu mu ne.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, yau da safe na fito zan tafi makaranta, mutane cike a bakin lungu wajen mai shayi, har da samarin da ke kiran 'ya'yansa bayi, sai ga Malam ya fito da butarsa. Na sunkuyar da kai zan wuce. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, jikan Malam, an tashi lafiya. Kuma na amsa.

Don Allah ku faɗa min, in ɗora fallen nan in ja ƙanwata cikin abin da na jefa 'yar mutane, ko in ƙona shi in ci gaba da amsa sunan da ni da shi muka san ba nawa ba ne? Wanda zai zage ni ya zaga, amma ya haɗa da amsa. Ina nan ina karanta kwamen ɗinku ɗaya bayan ɗaya.